Daga Wurno zuwa Penang: Tarihin Dasa Sana'a a Inda Babu Ita

A watan Yulin 2023 kamfanin TSMC na Taiwan, wanda ya fi kowane kamfani a duniya ƙera ƙwayoyin semikondakta, ya ba da sanarwar cewa masana'antar da yake ginawa a jihar Arizona ta Amurka ba za ta fara aiki a 2024 kamar yadda aka tsara ba, sai 2025. Kuɗi ba su yanke ba, domin shekara guda kafin nan gwamnatin Amurka ta ware fiye da dala biliyan 52 don farfaɗo da wannan sana'a a ƙasarta. Fili akwai, wuta akwai, ruwa ma an tanada. Abin da shugaban kamfanin ya ce ya yi ƙaranci shi ne ƙwararrun ma'aikata waɗanda suka iya kafa injunan, har sai da aka ɗebo wasu daga Taiwan don su koya wa na Arizona.

Tambayar da ta tsaya wa Amurka a maƙogwaro tsohuwa ce ƙwarai: yaya hukuma za ta dasa sana'a a wurin da babu ita, ta yadda ko baƙin da suka kawo ta sun tafi, ita za ta zauna? Gabashin Sakkwato, wato yankin da ya haɗa Wurno da Rabah da Goronyo, da ƙauyukansu irin su Tursa, ba baƙo ba ne a wurin wannan tambaya. Sau biyu mutanen da ke da tushe a nan suka yi ƙoƙarin amsa ta, na farko a ƙarni na 19, na biyu a jajibirin samun 'yancin kai. Abin da suka cimma da abin da ya kuɓuce musu ya cancanci a auna shi da labarin wani tsibiri na Malesiya, inda hukumar jiha ta dasa sana'ar semikondakta a cikin fadamar shinkafa.

Ribaɗin Bello

Muhammadu Bello ya zama Sarkin Musulmi a 1817, bayan rasuwar mahaifinsa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Daular da ya gada tana da faɗi, amma tsakiyarta ba ta da kwanciyar hankali. Gobirawa da Azbinawa suna kawo hari ta arewa maso gabas, Kabawa suna tayar da ƙayar baya ta yamma. Maganin da Bello ya ga ya dace shi ne ribaɗi, wato gari mai ganuwa da ake kafawa a bakin iyaka, a zaunar da jama'a a ciki, su yi noma su yi karatu su kuma tsare hanya. Kware da Gandi da Shinaka duk suna cikin irin waɗannan garuruwa. Wurno, wadda ya kafa a bakin gulbin Rima wajen ƙarshen shekarun 1820, ita ce ya zaɓa wa kansa. A can ya yi yawancin shekarunsa na ƙarshe, a can ya rasu a 1837, kuma a can kabarinsa yake.

Galibi akan karanta tarihin ribaɗi a matsayin tarihin yaƙi. Amma ganuwa kaɗai ba ta riƙe gari. Mayaƙi yana buƙatar takobi da mashi da linzami da likkafa, dokinsa yana buƙatar sirdi da lifidi, iyalinsa suna buƙatar tufa da fartanya da tukunya. Idan duk waɗannan sai an aika wani gari an sayo, to ribaɗin sansani ne kawai, ranar da aka datse hanya ya watse. Bello ya fahimci haka, ya kuma rubuta shi. A cikin Usulus Siyasa, risalar da ya aika wa Sarkin Katsina Umarun Dallaji kan ginshiƙan mulki, ya sanya kula da masu sana'a cikin wajiban shugaba. Ya ambaci manoma da maƙera da maɗinka da marina da masu magani da mahauta da masassaƙa, ya nuna cewa aikin sarki ne ya ga kowane gari da kowane ƙauye ya sami rabonsa daga cikinsu, tare da gyaran kasuwanni da hanyoyi da gadoji. A harshen yau, wannan manufa ce ta raya masana'antu da rarraba ƙwarewa a yankuna, an rubuta ta da tawada da alƙalamin kara.

Shi kansa Bello mutum ne mai son sanin yadda abubuwa ke aiki. Ya yi rubuce-rubuce kan magani, ciki har da ciwon ido da basur. Hugh Clapperton, Baturen Birtaniya da ya ziyarce shi a 1824, ya ba da labarin yadda Sarkin Musulmi ya duddubi kayan awon taurarin da ya zo da su, yana kiran taurarin da sunayensu na Larabci. A zuwansa na biyu ya kawo masa littafin lissafin Euclid da aka fassara zuwa Larabci, daga baya ya iske shi zaune yana karantawa. Cikin abubuwan da Bello ya nema daga Sarkin Ingila har da likita da zai zo ya zauna a ƙasarsa. Ruwayoyin baka na Sakkwato kuma suna danganta masa yaɗa noman rake da ban ruwa da jigo a fadamun Rima.

Yadda tsarin yake gudana ya fi ban sha'awa. Sana'a a ƙasar Hausa ta gado ce, yaro yana koyo a gindin uba ko ubangida, daga zuga zugazugi har ya kai ga riƙe masaba. Kowace sana'a tana da shugabanta, Sarkin Maƙera ko Sarkin Marina, wanda ta hannunsa fada ke ba da aiki, ta hannunsa kuma ake karɓar haraji. Fada ce babbar mai saye, musamman a kayan yaƙi da rigunan da sarki ke rabawa kyauta. Saboda haka idan sarki ya zaunar da maƙeri a sabon gari, makaranta ya buɗe, domin maƙerin zai tara yara, kuma ciniki na jiransa tun kafin ya hura wuta.

Akwai wani ɓangare na labarin da masu yabo kan tsallake. Da yawa daga cikin hannuwan da suka cika gandaye da masaƙu da karofi na daular bayi ne da aka kamo a yaƙi, kuma ba a tambayi ra'ayinsu ba kafin a zaunar da su. Wannan kaɗai ya isa ya hana a ɗauki tsarin ribaɗi a matsayin abin kwaikwayo kai tsaye. Abin da ya rage mai amfani shi ne fahimtar da ke ƙarƙashinsa, cewa ƙwarewa ba ta tsirowa da kanta kamar ciyawar damina.

To ina sana'ar ta fi kama ƙasa? Heinrich Barth, Bajamushen da ya zaga ƙasar Hausa, ya sauka Wurno a 1853 zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Ya iske gari mai fama da barazanar Gobirawa, kasuwarsa ba ta burge shi ba. Kasuwar Sakkwato ta fi ba shi sha'awa, inda ya yaba ingancin ƙarfenta da aikin fata. Amma abin da ya fi jijjiga shi ya riga ya gani a Kano a 1851, inda ya ƙiyasta darajar tufafin da ake saƙawa ana rinawa a shekara da wuri miliyan 300, ana kai su har Timbuktu da Murzuk da Tarabulus. Kano tana cikin daula ɗaya da Wurno, manufa ɗaya suke bi. Bambancin shi ne Kano tana nesa da bakin daga, tana da auduga da baba a kewayenta, tana kuma da fatake irin su Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari waɗanda ke kwashe kaya su kai inda ake nema. Marinin Kura ba ya jiran umarnin fada, Buzayen Sahara ne ke jiran turkudinsa. Sarki ya iya tara masu sana'a a ribaɗi, amma wanda ya riƙe su tsara bayan tsara shi ne mai saye na nesa.

Ɗan Rabah da masaƙun Kakuri

An haifi Ahmadu Bello a Rabah a 1910. Kakansa shi ne Sarkin Musulmi Abubakar Atiku na Rabah, ɗan Muhammadu Bello, don haka jinin mai Wurno ne kai tsaye. Ya yi karatu a Kwalejin Katsina, ya koyar a Midil ta Sakkwato, ya zama hakimin Rabah a 1934, sannan Firimiyan Jihar Arewa a 1954. Matsalar da ya tarar ta yi kama da ta kakan mahaifinsa a wani fanni. Arewa tana noma auduga, ana loda ta a jirgin ƙasa zuwa bakin teku, ana saƙa ta a Lancashire ta Ingila, a dawo da ita a sayar wa manomin da ya noma ta.

Gwamnatinsa ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin David Whitehead and Sons na Lancashire, hukumomin ciniki da na raya ƙasa na Jihar Arewa suka sa jari, aka kafa Kaduna Textiles Limited a Kakuri, ta fara fitar da akoko a 1957. Ita ce babbar masaƙar zamani ta farko a Najeriya. Wasu suka biyo baya cikin 'yan shekaru: Nortex, da Arewa Textiles mai jarin Japanawa, da UNTL mai jarin 'yan kasuwar Hong Kong. A Sakkwato an yi rajistar kamfanin siminti na Arewa a 1962, ya fara aiki a Kalambaina a 1967. Ta fannin horo kuwa, makarantar koyon fasaha ta Kaduna da aka buɗe a 1956 ita ce ta zama Kaduna Polytechnic a 1968, Jami'ar Ahmadu Bello kuma ta buɗe a Zariya a 1962. Hukumar yanki, da kamfanin ƙetare mai fasaha, da makaranta: ƙafafun murhu uku sun haɗu, kasuwa kuma tana nan a gida.

Tsarin ya yi aiki shekaru kusan talatin. Dubban mutane sun ci abinci a Kakuri, an sami masu sarrafa injuna da makanikai da manajoji 'yan ƙasa. Amma akwai abin da bai taɓa zama ba. Injunan saƙa daga waje suke zuwa, kayan gyaransu daga waje, sinadaran rini ma daga waje. Ba a sami zoben ƙananan maƙeru na zamani a kewayen masaƙun ba, waɗanda za su fara da ƙera ƙananan sassa su girma har su ƙera inji. Da kuɗin mai suka faɗi a farkon shekarun 1980, kuɗin musaya suka yi wuya, sai sayen kayan gyara ya zama tashin hankali. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, rashin wuta da tsadar baƙin mai suka ƙara nauyi, fasa-ƙwaurin atamfa ya ƙarasa aikin. An rufe Kaduna Textiles a 2002, UNTL ta tsaya a 2007. Ƙwarewar da aka tara ta sarrafa injin wani ce, da injin ya tsaya sai ta rasa inda za ta koma.

Laka a Bayan Lepas

Kafin a shiga labarin Penang, ya kamata a san abin da ake magana a kai. Semikondakta abu ne mai halin tsaka-tsaki wajen wucewar lantarki. Jan ƙarfe yana barin wuta ta wuce, roba tana hana ta, shi kuwa silikon, wanda ake tacewa daga ma'adinin da ke cikin yashi, ana iya sarrafa shi ya bari ko ya hana gwargwadon yadda ake so. Daga wannan hali aka ƙirƙiro taransista a 1947, wato ɗan makunni marar motsi. Ƙwaya ɗaya da ba ta fi farce girma ba, irin wadda ke cikin wayar hannu, tana ɗauke da biliyoyin waɗannan makunnai. Aikin yana da matakai uku. Akwai zane, wanda injiniyoyi ke yi a kwamfuta. Akwai ƙira a kan faifan silikon, wadda ita ce mafi tsada da wuya. Sannan akwai yanka faifan ƙwaya-ƙwaya, a haɗa kowace da wayoyinta, a rufe ta, a gwada. A shekarun 1970 wannan mataki na uku da hannu ake yin sa, ma'aikaciya tana duƙe a kan madubin ƙara girma tana liƙa zaren zinariya wanda bai kai gashi kauri ba. Shi ne kamfanonin Amurka suka riƙa nema wa ƙasashe masu arhar ƙwadago.

Penang tsibiri ne a arewa maso yammacin Malesiya, kuma jiha ce mai gwamnatinta. Tun zamanin Ingilishi arzikinta ya dogara ga tashar jiragen ruwa da ba a biyan kuɗin fito. Da aka soke wannan gata a 1969, ciniki ya durƙushe, matasa suka riƙa gudu zuwa Kuala Lumpur da Singapore. A shekarar ce Lim Chong Eu, wani likita, ya zama babban ministan jihar. Ya kafa hukumar raya Penang, ya ɗora wani ma'aikacin gwamnati mai suna Chet Singh a kanta. Abu na farko da suka yi ya nuna sun san raunin hujjarsu: sun kafa ƙaramin kamfanin harhaɗa kayan lantarki na jiha a 1970, domin baƙo idan ya zo ya ga da idonsa cewa 'ya'yan masunta da manoma za su iya aikin. A 1972 aka buɗe yankin masana'antu marar kuɗin fito a Bayan Lepas.

A shekarar Intel ya zo, kuma nan ce masana'antarsa ta farko a wajen Amurka. Filin da aka nuna masa fadamar shinkafa ce. Har yau a Penang ana ba da labarin yadda motar Andy Grove, ɗaya daga cikin jagororin kamfanin, ta kafe a laka ranar da ya zo duba wurin, ya naɗe ƙafar wando ya taka. Kamfanoni takwas ne suka fara sauka, ciki har da AMD da Hewlett-Packard da National Semiconductor da Hitachi da Bosch. Aikin da suka kawo shi ne na ƙasan tsani. Yawancin ma'aikatan 'yan mata ne, albashi kaɗan, kuma gwamnatin tarayya ta daɗe tana hana su ƙungiyar ƙwadago. Da kasuwar duniya ta faɗi a 1985 an sallami dubbai. Wanda ya kalli Penang a wannan lokaci zai iya cewa makomarta ɗaya da ta Kakuri.

Abubuwa biyu suka raba su. Na farko ya faru ne a ƙananan shaguna. Masana'antar gwada ƙwayoyi tana cin ƙananan sassan ƙarfe masu daidaiton awo, irin su maƙalai da mazaunan da ake ɗora ƙwaya a kai, kuma jiran su daga Amurka yana ɓata makonni. Hukumar raya jihar ta tattara sunayen maƙeran garin, ta riƙa haɗa su da kamfanonin. Manajoji 'yan ƙasa da suka taso a cikin Intel suka riƙa ba waɗannan shaguna aiki, suna tura injiniyoyi su nuna musu yadda ake kai wa ga awon da ake so. Eng Hardware da Loh Kim Teow, waɗanda suka fara a matsayin shagunan ƙira na iyali, ta haka suka zama kamfanonin injiniya masu fitar da kaya waje. Daga baya ma'aikatan manyan kamfanonin suka fara fita suna kafa nasu: tsofaffin ma'aikatan Intel suka kafa Globetronics a 1991, ViTrox kuma, mai ƙera na'urorin da ke duba lahani a jikin ƙwaya, an kafa shi a 2000. Wannan shi ne zoben da Kakuri ba ta samu ba.

Na biyu shi ne makaranta. Wajen ƙarshen shekarun 1980 injuna masu sarrafa kansu sun fara maye gurbin hannu, sai buƙata ta koma ga ma'aikatan fasaha da za su kula da injunan. Ba su da yawa, kamfanoni suka shiga sace wa juna ma'aikata da ƙarin albashi, kowa yana tsoron horar da mutum don kada maƙwabci ya ɗauke shi. Shugabannin Intel da Motorola da Hewlett-Packard suka zauna da gwamnatin jiha, a 1989 aka kafa Cibiyar Bunƙasa Ƙwarewa ta Penang, wadda aka fi sani da PSDC. Rabon aikin shi ne abin lura. Gwamnati ta ba da gini da tallafin farawa, ta ja baya. Kamfanoni ne ke da rinjaye a majalisar gudanarwa, su ke faɗin abin da za a koyar, su ke ba da aron injuna da malamai. Tun da kowa ya zuba a tukunya ɗaya, tsoron sace ma'aikaci ya ragu. Ɗalibi kuma yana koyo a kan irin injin da zai tarar a wurin aiki, ba wanda aka daina amfani da shi tun kafin a haife shi ba.

A yau Malesiya tana yin kimanin kashi 13 cikin 100 na aikin harhaɗawa da rufewa da gwajin ƙwayoyi na duniya, kuma Penang ce cibiyarsa. A ƙarshen 2021 Intel ya sanar da sabon jari na kimanin dala biliyan 7 a can. Duk da haka 'yan Malesiya da kansu suna kukan cewa bayan shekara hamsin har yanzu ƙarfinsu a mataki na uku yake, riba mai tsoka tana wurin masu zane da masu ƙira. Shi ya sa a 2024 gwamnatinsu ta fito da shirin horar da injiniyoyi 60,000. Taiwan ta bi wata hanya mai tsada da haɗari: ta kafa cibiyar bincike ta ITRI a 1973, ta sayi fasaha daga kamfanin RCA na Amurka a 1976 tare da tura matasan injiniyoyi su koyo a can, daga wannan zuriya aka sami TSMC a 1987. Amma wannan aikin gwamnatin ƙasa ne. Darasin Penang ya fi kusa da abin da jiha ke iyawa.

Komawa bakin Rima

Duk wanda ya yi wa mutanen Sakkwato alkawarin masana'antar ƙera faifan silikon, siyasa yake yi. Masana'anta ɗaya ta zamani tana cin fiye da dala biliyan 10, kasafin jihar na shekara guda kuwa bai kai biliyan ɗaya ba. Tana shan tataccen ruwa mai yawan gaske, har a farin 2021 sai da kamfanonin Taiwan suka riƙa ɗauko ruwa da tankoki. Ruwa kam akwai a madatsar Goronyo, wadda aka kammala a 1984, mai iya riƙe mita kubik miliyan 942. Wuta ce babu. Ɗaukewar wuta ta 'yan daƙiƙoƙi tana iya lalata aikin makonni, kuma a Fabrairun 2021, da sanyi ya kayar da lantarkin Texas, masana'antar Samsung da ke Austin ta yi makonni a tsaye. Ko matakin gwaji da rufewa, wanda Penang ta fara da shi, yanzu injuna ne ke yin sa, kuma yana buƙatar wutar da ba ta ƙiftawa da filin jirgin sama mai jigilar kaya kullum.

Sai dai semikondakta ya riga ya iso yankin ta ƙofar baya. Farantin sola da ke kan rufin masallaci da asibitin ƙauye silikon ne. Inbata da ke juya wutarsa, da akwatin da ke sarrafa famfon ban ruwa mai aiki da rana, da wayar da ke aljihun mai sayar da tafarnuwa a Wurno, duk ƙwayoyi ne a cikinsu. Kasuwar kafa waɗannan na'urori da gyaransu tana nan a gida, tana kuma girma, wato mai sayen da ribaɗin Wurno ya rasa yanzu yana bakin fadama. Makarantu ma akwai. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo tana da cibiyar binciken makamashi tun farkon shekarun 1980, wadda ta daɗe tana aiki kan hasken rana. Akwai kwalejin fasaha ta Umaru Ali Shinkafi, akwai makarantun koyon sana'a na gwamnati. A matakin tarayya akwai asusun horar da ma'aikata na ITF tun 1971, da hukumar NASENI tun 1992. Akwai masana'antar siminti ta Kalambaina, wadda ita ma ba ta tafiya sai da masu kula da na'urorin awo da na lantarki. A ɗaya gefen kuma ga rundunar matasa masu gyaran waya, waɗanda suka koyi liƙi da dalma a gindin ubangida, daidai yadda kakanninsu suka koyi ƙira.

Abin da ba a gani shi ne teburin da waɗannan duka ke zama a kai. Al'adar da gwamnatoci suka saba da ita ita ce horo na 'yan makonni, a raba takardar shaida da akwatin kayan aiki a gaban kyamara, a watse. Ba a tambayi mai ɗaukar aiki abin da yake buƙata ba, ba a kuma koma bayan shekara an ga nawa ne suka zauna a sana'ar ba. A Penang waɗanda za su ɗauki ɗalibin aiki su ne suka rubuta manhajar, kuma cibiyar ta ga wucewar gwamnatoci da dama ba tare da an sake mata suna ko an rushe ta ba. Daga zuwan Intel zuwa kafa ta shekara 17 ne, daga nan zuwa ViTrox wasu 11. Babu wa'adin gwamnan da ya kai haka, wanda ke nufin dole ragamar ta kasance a hannun waɗanda ba zaɓe ne ke kawo su ba.

Akwai kuma sharaɗin da Bello ya fara da shi, wato ganuwa. Harin Tabanni a gundumar Gandi a Yulin 2018, da na kasuwar Goronyo a Oktoban 2021, sun nuna cewa gabashin Sakkwato ya sake zama bakin daga kamar yadda Barth ya iske shi. Malamin fasaha ba zai karɓi aiki a garin da ake satar mutane a hanyarsa ba, kamfani ba zai ba da aron inji a kai can ba. Saboda haka cibiyar horo irin wannan a birnin Sakkwato za ta fara, ko ana so ko ba a so, sai dai a tanadi gurabu da wurin kwana don yaron da ya taso daga Tursa ko Shinaka ya samu shiga.

Wurin da za a fara gwada tsarin ba shi da nisa. Famfon sola yana rage wa manomin rani kuɗin fetur, amma akwatin da ke sarrafa shi yana ƙonewa, sau da yawa saboda zafi ko ƙura ko kuskuren haɗa waya. Abin da ya lalace a ciki kan zama ƙwaya ɗaya ko biyu masu arha. Idan babu wanda ya iya gano su ya canja a kusa, sai a ɗauki akwatin zuwa birni, ko a sayi sabo, alhali albasa da alkama ba sa jiran mako biyu ba ruwa. Dillalan da ke shigo da famfunan sun san sassan da suka fi mutuwa, malaman jami'a sun san dalili, mai gyaran waya a kasuwar Goronyo kuma yana da hannun da zai yi aikin idan aka nuna masa zanen allon.